Shin farashi ne abin fara dubawa wajen zaɓen manhajar tallan imel?

Wani mai shagon littattafai da kayan ɗakin gwaje-gwaje a Samaru ta Zariya ne ya aiko da wannan tambaya: "Ina da adireshin imel kusan 4,000 na malamai da ɗalibai, na tara su cikin shekara biyar. Da Gmail nake aika musu sanarwar sababbin kaya, yanzu ya fara tare ni. An ce in koma manhajar tallan imel, to amma duk da dala suke. In ɗauki wadda ta fi araha kawai, ko akwai abin da ya fi farashi muhimmanci?"

Malam, farashi yana da nauyi, kuma nauyinsa a kanka ya fi na ɗan kasuwar Amurka ko Ingila, domin da naira kake ciniki, da dala za ka biya. Sai dai lambar da suke rubutawa da manyan baƙaƙe a shafinsu ita ce mafi ƙarancin abin da za ta gaya maka gaskiyar kuɗin. Abin da za ka bi shi ne yadda suke ƙirga kuɗin, da abin da zai zama bayan shekara ɗaya, da kuma ko saƙon yana isa gaban mutum. Idan ka san waɗannan, za ka tarar wani lokaci mai arahar ce ta dace da kai, wani lokaci kuma ita ce mai tsadar.

Tarewar da Gmail ke yi maka ƙa'idarsa ce. Asusun Gmail na kyauta yana tsayawa a wajen saƙo 500 a rana, na kamfani da ake biya, wato Google Workspace, yana kaiwa 2,000. Ba a gina shi don talla ba, na kyautar ba shi da wurin da mutum zai cire sunansa, kuma ba ya nuna maka adireshin da ya mutu a tsare. Don haka shawarar da aka ba ka ta ƙaura daidai ce.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin asara. Kamfanonin nan ba mudu ɗaya suke awo da shi ba. Akwai masu caji bisa yawan adireshin da ka ajiye a wurinsu, ko ka aika musu saƙo ko ba ka aika ba. Mailchimp da MailerLite suna cikin wannan sahu. Akwai masu caji bisa yawan saƙon da ka aika a wata, kamar Brevo, kamfanin Faransa da aka sani da Sendinblue kafin ya sauya suna a 2023. Akwai kuma sayen saƙo a dunƙule, ka zuba kuɗi sau ɗaya kana cirewa sannu a hankali kamar katin waya. Dala 15 a mudu na farko da dala 15 a mudu na biyu ba kaya ɗaya suke saya ba.

Ɗauki lissafinka. Adireshi 4,000, sanarwa biyu a wata, saƙo 8,000 ke nan. Kai mai jerin sunaye da yawa ne amma mai ƙarancin aikawa, saboda haka mudun da ke ƙirga saƙo ya fi yi maka sauƙi. Wanda ke da mutum 1,000 kacal amma yana aika musu farashin kaya sau uku a mako, saƙonsa ya haura 12,000 a wata, shi mudun adireshi ne nasa. Sana'ar da ke bin lokaci kuwa, kamar dillalin iri da taki da ke neman manoma daga Afrilu zuwa Yuni, ko maɗinkin manyan riguna na cikin birni da kasuwarsa ke tashi gab da Sallah, biyan wata-wata asara ce gare shi, tunda mafi yawan watannin shekara manhajar tana zaune. Sayen dunƙule ya fi masa, amma ya karanta sharaɗi, domin na wasu kamfanoni yana ƙarewa bayan wata 12 ko da bai taɓa shi ba, na wasu kuma ba ya ƙarewa. Shagonka ma yana da wannan ɗabi'a: cinikinka yana bin buɗe zangon karatu a harabobin jami'a na Samaru da Kongo, kuma idan aka shiga dogon hutu ko yajin aiki, biyan wata ba ya tsayawa don ɗalibai sun tafi gida.

A mudun adireshi akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Mailchimp yana ƙirga har da mutanen da suka riga suka cire sunansu, muddin ba ka kwashe su zuwa ma'ajiya ba. Wato kana biya a kan mutumin da doka ta hana ka aika masa saƙo. Idan kuma ka buɗe jeri biyu, ɗaya na malamai ɗaya na masu sayen kayan gwaji, mutum ɗaya da ke cikin duka biyun ana ƙirga shi sau biyu. Maganinsa jeri ɗaya, ka riƙa raba mutane da alama. Sannan farashin hawa-hawa ne kamar matakala. Ba a ƙara maka kaɗan-kaɗan. Da ka ƙetare iyakar matakinka da adireshi ɗaya, sai a ɗora ka a mataki na gaba ko a yi maka cajin ƙari. Kafin ka zaɓa, ka duba farashin kowace manhaja a wuri uku: yawan da kake da shi yau, ninkinsa biyu, da ninkinsa uku. Sau da yawa wadda ta fi araha a 500 ita ce ta fi tsada a 10,000.

Game da na kyauta. Suna da amfani, ba na raina su, musamman don koyo da gwaji. Amma kada a gina kasuwanci a kansu kamar an yi alkawari. Mailchimp ya daɗe yana ba da adireshi 2,000 kyauta. Bayan kamfanin Intuit ya saye shi a 2021 kan kusan dala biliyan 12, tsakanin 2022 da 2023 aka rage kyautar zuwa 500. Waɗanda suka saba sai dai su biya ko su tashi. Brevo yana ba da saƙo 300 a rana kyauta. A takarda wannan 9,000 ne a wata, ya rufe buƙatarka ta 8,000. A aikace, sanarwa ɗaya zuwa mutum 4,000 za ta ci kwana 14 kafin ta kai ga na ƙarshe. Idan sanarwar ta ragin mako guda ce, rabin mutanenka za su ji labari bayan kasuwa ta watse. Kuma kusan duk na kyauta suna manna tambarinsu a ƙasan saƙonka.

Sai batun dala, wanda a nan gida shi ne ainihin farashin. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460. A 2024 ta haura 1,500. Manhajar dala 20 da ke cin naira 9,200 a wata ta koma 30,000 ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. A ƙaddara dala tana 1,500, naira 360,000 ke nan a shekara. A kan wannan ka ɗora bambancin canjin da banki ko masu katin dala na intanet ke sawa, da kuɗin zuba kuɗi a katin, da harajin VAT na kashi 7.5 idan kamfanin yana karɓa daga 'yan Najeriya. Hanyar biyan ita kanta abin dubawa ce. A 2022 bankuna da yawa sun dakatar da amfani da katin naira a waje, sai a 2025 wasu suka dawo da shi da iyaka. Ranar da katinka ya ƙi wucewa, manhajar za ta dakatar da aikawa, kuma yawanci hakan kan faru ne a daidai lokacin da kake da sanarwa. Ka ajiye kati na biyu a asusun. Kamfanin da ke karɓar naira kai tsaye, irin su Zoho na Indiya da ke da ofis a Legas, yana da wata daraja da ba ta fitowa a jadawalin kwatanta farashi: kana iya tsara kasafin shekara ba tare da sauraron 'yan canji ba.

Biyan shekara gaba ɗaya yana zuwa da ragi, yana kuma kulle maka canjin ranar da ka biya. Duk da haka kada ka fara da shi. Biya wata-wata na wata uku tukuna, ka ga yadda saƙonka ke shiga, sannan ka ɗaure kanka. Yawancinsu ba sa mayar da kuɗi.

To, ga abin da na ɗauka ya fi farashi, kuma a nan zan daɗe. Kuɗin da kake biya na saƙon da aka aika ne, ribarka kuwa tana cikin saƙon da aka gani. Tsakanin su biyun akwai Gmail da Yahoo da Outlook, su ne masu gadin ƙofa, kuma ba ruwansu da nawa ka biya. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa. Duk mai aikawa dole ya tabbatar da cewa shi ne mai adireshin, ta hanyar SPF ko DKIM, saitunan shaidar mai aikawa da zan bayyana a gaba. Wanda ke aika wa masu Gmail saƙo 5,000 ko fiye a rana dole ya haɗa duka biyun da saiti na uku mai suna DMARC, ya kuma sa hanyar cire suna da dannawa ɗaya. Sannan yawan masu danna cewa saƙonka tarkace ne kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, an fi so ma ya tsaya ƙasa da 0.1. Mayar da shi mutane: cikin 4,000, mutum 12 ne suka kai ka iyakar. Ba ka kai 5,000 ba tukuna, amma ka bi sharuɗɗan duka tun yanzu, domin ma'aunin da ake tace saƙo da shi ɗaya ne.

Ma'anar wannan a aljihunka ita ce dole ka mallaki domen, wato sunan gidanka na intanet, irin wanda ke ƙarewa da .com.ng, waɗanda NiRA ke kula da su kuma ana biyansu da naira duk shekara. Aika talla ta wata manhaja da adireshin da ke ƙarewa da gmail.com ba ya yiwuwa yadda ya kamata, saboda ba kai ke da gmail.com ba, ba ka da ikon sa masa hatimi. Wasu manhajoji suna musanya adireshin da nasu, wasu saƙon ya faɗa akwatin Spam. Bayan ka sayi domen, manhajar za ta ba ka layuka uku ko huɗu ka liƙa a saitin DNS, wato shafin bayanan domen ɗin, a wurin da ka saya. SPF yana faɗin waɗanda ka yarje wa su aika da sunanka. DKIM hatimi ne a kan kowane saƙo. DMARC yana gaya wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi gwajin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa layin SPF guda biyu, ɗaya na akwatin imel ɗaya na manhajar talla. Ƙa'ida layi ɗaya ne, sai a haɗe su, in ba haka ba duka biyun sun lalace. Na biyu, a fara DMARC da umarnin ƙin karɓa tun kafin a tabbatar komai na tafiya, sai mutum ya tare wasiƙun kansa. Fara da p=none, wato umarnin sa ido kawai ba tare da tare komai ba, ka lura na makonni, sannan ka tsaurara. Manhajar da ba ta ba ka damar sa DKIM na domen ɗinka a matakin da za ka iya biya, ka bar ta ko nawa take.

Yi wannan lissafin da lambobin shagonka. Lambobina misali ne kawai. A ƙaddara manhaja ɗaya dala 13 ce, ɗaya 20. Bambancin dala 7, naira 10,500 a wata. A ƙaddara kuma ta arahar tana jefa ƙarin kashi 10 cikin ɗari na saƙonka a Spam, mutum 400 ke nan a kowace sanarwa. Idan mutum ɗaya cikin 200 ke saye, ka rasa ciniki biyu a sanarwa, huɗu a wata. Idan ribar kowane ciniki naira 6,000 ce, ka yi tsimin 10,500 ka zubar da 24,000. Araha ba ta ado. Amma a juya lissafin: idan ka gwada ka ga duka biyun suna shiga akwati daidai, to ƙarin dala 7 ɗin sadaka ce ga kamfanin, ɗauki mai arahar ba tare da jin kunya ba. Tsada ba shaidar inganci ba ce. Sau da yawa ƙarin kuɗin na kayan da ba za ka taɓa buɗewa ba ne.

Gwajin ba wuya. Buɗe asusun gwaji a manhajoji biyu, ka haɗa domen ɗinka da kowace. Tanadi adireshi kamar goma na mutanenka: Gmail biyar, Yahoo biyu, Outlook ɗaya, da ɗaya ko biyu na jami'a ko ma'aikata, tunda irin waɗannan suna da nasu matatar. Aika saƙo iri ɗaya, kai ɗaya, hoto ɗaya, a rana ɗaya. Duba inda kowanne ya sauka. Shafin Promotions na Gmail ba faɗuwa ba ne, nan ne mazaunin talla; Spam ne faɗuwa. Buɗe saƙon a ƙaramar wayar Android da data, domin a nan abokan cinikinka za su karanta. Duba ko ɓ da ɗ da ƙ da alamar naira sun fito daidai, a kan saƙon da kuma cikinsa. Idan rubutun saƙon da tsarinsa suka wuce kilobayit 102, Gmail yana datse shi, kuma wurin cire suna da ke ƙasa ne ke ɓacewa, sai wanda ya gaji da kai ya danna Spam a madadinsa. Gwada kuma ko kai kanka za ka iya tsara saƙo a manhajar daga waya ranar da babu wuta. Kada ka yanke hukunci da adadin waɗanda aka ce sun buɗe saƙo: tun 2021 manhajar imel ta Apple tana buɗe saƙonni da kanta, lambar ta kumbura. Ƙirga waɗanda suka danna, da waɗanda suka kira ko suka zo shago.

Jerinka na shekara biyar shi ne abin da ya fi damuna, fiye da zaɓen manhajar. Ɗalibin da ya ba ka adireshi yana aji uku ya gama, ya yi bautar ƙasa, wataƙila yana Fatakwal. Adireshin makaranta yakan daina aiki, kuma tun Disambar 2023 Google ya fara goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Idan ka ɗora 4,000 gaba ɗaya ka aika, ɗaruruwa za su dawo. Kamfanonin suna sa ido a kan wannan sosai, domin kai da sauran abokan cinikinsu kuna amfani da sabobi ɗaya, wato manyan kwamfutocin da ke aika saƙon. Amazon SES, hidimar aika imel ta kamfanin Amazon, misali, yana sa asusu a bincike idan saƙon da ke dawowa ya kai kashi 5 cikin ɗari, yana iya dakatar da shi a kashi 10. Sabon asusu da ya fara da irin wannan yakan rufu a makon farko, kuɗin wata ya tafi. Don haka ka tace kafin ka biya. Cire maimaici da masu kuskuren rubutu irin gmial da yaho. Ware waɗanda suka yi ciniki ko suka amsa maka cikin shekara ɗaya da rabi, ka fara da su, 200 zuwa 300 a rana ta farko, kana ninkawa bayan kwana biyu ko uku idan komai lafiya. Tsofaffin kuma ka bi da su ta masu tantance adireshi, waɗanda ke caji kaɗan a kan kowane ɗaya, sannan ka tambaye su sau ɗaya ko suna son ci gaba. Wanda ya yi shiru, ka sauke shi. Idan 4,000 suka koma 2,300, ka sauka mataki a farashi kuma saƙonka ya fi shiga. Babu ragin da wani kamfani zai yi maka da ya kai wannan.

Kada ka sayi jerin adireshi, kada kuma ka kwashe na rukunin WhatsApp na wani sashe ko na takardar halartar taro. Sharuɗɗan kamfanonin sun hana, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda hukumar NDPC ke aiwatarwa, ta ba mutum ikon ƙin a yi masa talla da bayanansa. Ka riƙa ajiye shaidar ranar da mutum ya yarda da kuma inda ya yarda, ko da littafin da ke kan kanta ne mai layin "ina son a riƙa aiko mini da sanarwa".

Wani zai ce maka akwai hanyar da ta fi duka araha, kuma gaskiya ne. Amazon SES yana cajin senti 10 a kan saƙo 1,000, wato 8,000 ɗinka senti 80 ne, naira 1,200 a canjin da muka ƙaddara. Sai dai bututun aika saƙo ne kawai. Sai ka ɗora masa manhaja irin Sendy, da ake saya sau ɗaya, ko listmonk ta kyauta, a kan sabar da za ka riƙa biyan hayarta, sannan wani ya riƙa sabunta ta, yana adana kwafin bayanai, yana tashi idan ta tsaya. Zariya ba ta rasa matasan da suka iya wannan, amma ka tambayi kanka wa zai riƙe ta ranar da yaron ya gama karatu ya tafi. Ga mai aika dubu ɗari a wata da ma'aikacin kwamfuta na dindindin, hanya ce mai kyau. Ga shago mai saƙo 8,000, ladan mai kula ya cinye tsimin. Haka nan idan aka tallata maka adireshin IP, wato lambar sabar da saƙo ke fita daga gare ta, naka kai kaɗai da ƙarin kuɗi, ka ƙi. Yana buƙatar aikawa mai yawa a kai a kai kafin ya yi suna, naka ba zai ɗumama shi ba.

Ka duba ƙofar fita tun kafin ka shiga. Tabbatar za ka iya sauke jerinka a fayil ɗin CSV, wato jadawali irin wanda Excel ke buɗewa, a kowane lokaci, har da alamomin da ka raba mutane da su da ranar da suka yarda. Ranar ƙaura, jerin waɗanda suka cire sunansu shi ne farkon abin ɗauka. Idan ka manta shi, sabuwar manhajar za ta aika wa waɗanda suka riga suka ce a'a, kuma su ne masu saurin danna Spam. Tsarin saƙo da saƙonnin da ke fita da kansu, kamar na maraba ga sabon shiga, ba sa ƙaura, sai an sake gina su. Shi ya sa sauya manhaja saboda bambancin dala 3 ba ya biyan wahalarsa.

A matsayinka, Malam, ga yadda zan jera aikin: sayi domen ka sa masa SPF da DKIM da DMARC, tace jerin, sannan ka gwada manhaja ɗaya mai ƙirga saƙo da ɗaya mai ƙirga adireshi na mako biyu. Ka sa wa kanka iyaka da ribar shago: idan manhajar za ta ci naira 30,000 a wata kuma ribar ciniki ɗaya 6,000 ce, tana bukatar kawo ciniki biyar kafin ta biya kanta. Sa wata kalma a kowace sanarwa da mai saye zai faɗa a kanta don a yi masa ɗan ragi, yaron shago ya riƙa rubutawa. Bayan wata uku ka buɗe littafin ka ƙirga. Malamai da masu sayo wa sassa kaya suna karanta imel, su za su riƙe wannan lissafin. Ɗaliban aji ɗaya da biyu kuwa WhatsApp suka fi dubawa, kuma jerin watsa saƙonsa yana ɗaukar mutum 256, yana isa ga wanda ya ajiye lambarka ne kawai, don haka ka sa lambar shagon a ƙasan kowane imel ka roƙe su su ajiye ta.